Waiwaye: Sahun Mata a Masallaci, Daga Madina Zuwa Ashamin Bana

Da zarar Sha'aban ya raba tsakiya, kwamitocin masallatai sukan shiga hidima. A wanke kafet, a gyara lasifika, a nemo alaramman da zai ja asham, a tsayar da malamin tafsiri. Mata kuwa sau da yawa sai daren ɗaya ga wata ake tunawa da su, bayan sun riga sun iso da dardumominsu da 'ya'yansu, sannan a ga ɗakin da aka ce nasu ne ya zama ma'ajiyar tsofaffin tabarmi da matattun fankoki. Nan take gardama ta kaure. Wannan ya ce ai ɗakinta ya fi mata, wancan ya ce Annabi ya hana a hana su. Kowannensu yana da hadisi a hannu, kuma gardamar ta girme su da ƙarnuka masu yawa.

Masallacin da Manzon Allah (SAW) ya gina a Madina a shekarar 622 fili ne guda, da bangon tubali, ginshiƙansa kututturen dabino, rufinsa ganyen dabino. Babu bene, babu ɗakin gefe. Maza na gaba, mata na baya, liman ɗaya. Sahlu ɗan Sa'adu ya ba da labarin cewa wasu maza saboda talauci zanensu gajere ne, sukan ɗaure shi a wuya, har aka ce wa mata kada su ɗago kai daga sujada sai maza sun daidaita a zaune. Da akwai katanga tsakaninsu da ba a buƙaci wannan umarni ba. Nana A'isha ta ce mata muminai sukan halarci asuba tare da shi lulluɓe da mayafansu, su koma gida ba mai gane su saboda duhu. Ummu Salama ta ce idan ya yi sallama mata sukan miƙe, shi kuma ya ɗan dakata a wurinsa don su riga maza fita. Ya taɓa nuna wata ƙofa ya ce da ma a bar wa mata ita, kuma an ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar bai sake shiga ta nan ba har ya koma ga Allah. Har gobe akwai ƙofa a masallacin da ake kira Babun Nisa'i.

Wanda ya fi taɓa min zuciya a cikin waɗannan ruwayoyi shi ne na kukan yaro. Ya ce yakan shiga salla da niyyar tsawaitawa, sai ya ji kukan yaro, sai ya taƙaita don kada ya ƙuntata wa uwar. A nan limamin da babu kamarsa ne yake sauya tsawon sallar jama'a gaba ɗaya saboda halin da mace ɗaya take ciki a sahun baya.

Kuma ba salla kaɗai ke kawo su ba. Ummu Hisham 'yar Harisa ta ce ba ta haddace Suratu Ƙaf ba sai daga bakinsa, saboda yawan karanta ta da yake yi a kan mumbari ranar Juma'a. Rufaida ta kafa tanti a masallacin tana jinyar waɗanda suka ji rauni, kuma can aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ. Akwai baiwar Allah da ke share masallacin, ta rasu aka binne ta ba a sanar da shi ba, da ya ji sai ya ce a nuna masa kabarinta, ya je ya yi mata salla. Da mata suka ga maza sun fi su samun lokacinsa, sai suka nemi ya ware musu rana, ya kuwa ware.

An wajabta azumi a Sha'aban na shekara ta 2 bayan hijira, kuma tun farko dararen Ramadan na kowa da kowa ne. Abu Zarri ya ce Annabi ya yi musu tsayuwar dare da watan ya rage kwana bakwai, sannan da ya rage biyar, da ya rage uku kuwa sai ya tara iyalinsa da matansa da sauran jama'a, ya yi ta salla da su har suka ji tsoron sahur zai wuce su. Matansa sun kafa tantunan itikafi a masallaci yana raye, sun kuma ci gaba da itikafi bayan wafatinsa. Da Sayyidina Umar ya haɗa mutane bayan Ubayyu ɗan Ka'abu a shekara ta 14, wanda shi ne tushen asham a jam'i kamar yadda muka san ta, an ruwaito cewa ya naɗa wa mata nasu limamin, Sulaimanu ɗan Abi Hasma. Umar ɗin da aka sani da kishi, ga shi yana yi wa mata tanadin Ramadan tun kafin su tambaya. Matarsa Atika 'yar Zaidu ma tana zuwa asuba da isha'i a jam'i. Da aka ce mata ta san ba ya so, sai ta tambaya me ya hana shi ya hana ta, aka ce mata faɗin Annabi ne: kada ku hana bayin Allah mata masallatan Allah.

To daga ina ɗaya muryar ta fito? Ita ma daga Madina. A wata ruwaya ta wannan hadisi akwai ƙarin cewa gidajensu sun fi musu alheri, a wata kuma an ce su fita ba tare da turare ba. Ummu Humaid ta gaya wa Annabi tana son salla tare da shi, ya ce ya sani, amma sallarta a ɗakinta ta fi. Sannan ga maganar Nana A'isha, wadda ta rayu kusan rabin ƙarni bayansa ta ga yadda Madina ta cika da dukiya da baƙi: da ya ga abin da mata suka ƙirƙiro da ya hana su masallaci kamar yadda aka hana matan Bani Isra'ila. A wannan zamanin ne Bilal, ɗan Abdullahi ɗan Umar, ya ji mahaifinsa ya karanta hadisin ya ce shi kam wallahi sai sun hana su. Mahaifin ya juyo ya yi masa faɗan da ba a taɓa jin ya yi irinsa ba, yana cewa ina gaya maka abin da Manzon Allah ya ce kana cewa sai kun hana.

Malaman fiƙihu da suka zo daga baya sun yi ƙoƙarin riƙe duka biyun, kuma galibinsu sun bi ta hanyar rarrabe mata. Abu Hanifa ya yarda tsohuwa ta fita asuba da magariba da isha'i, almajiransa biyu suka ce ta fita dukkan salloli, Hanafawan baya kuma suka karhanta fitar mata gaba ɗaya da hujjar lalacewar zamani. Malikawa suka bambanta tsakanin wadda ta manyanta da matashiya, suka bar wa matashiya damar zuwa masallaci idan babu fargabar fitina, amma suka ce alƙali ba zai tilasta wa mijinta ya bar ta ba. Ibnu Hazmi na Andalus, wanda ya rasu a 1064, ya tsaya a ɗaya gefen, ya ce sallarta a masallaci ta fi, domin Annabi ba zai bar su suna shan wahalar fita cikin duhu da sanyi a kan abin da ladansa ya fi ƙaranci ba. Ibnu Hajar, wanda ya rasu a 1449, ya kawo amsar da har yanzu ba a ture ta ba game da maganar Nana A'isha: ta rataya hanin ne a kan sharaɗin da bai auku ba, domin bai gani ba kuma bai hana ba, Allah ya san abin da za su ƙirƙiro amma bai saukar da hani ba, kuma wasu mata ne suka ƙirƙiro, ba dukkansu ba. Abin lura a nan shi ne, hatta masu tsanantawa ba su ce an shafe hadisin izini ba. Da halin zamani suka kafa hujja, shi kuwa zamani yana juyawa.

Abin da ke cikin littafi daban, abin da ke faruwa a harabar masallaci daban. Ummud Darda'i ƙarama ta karantar a masallacin Dimashƙa da na Ƙudus, har halifa Abdulmalik ɗan Marwan yakan zauna a majalisinta. A'isha 'yar Abdulhadi, wadda ta rasu a 1413, ta karantar da Sahihul Bukhari a babban masallacin Dimashƙa. Ibnul Hajj, malamin Malikiyya da ya rasu a Alƙahira a 1336, ya yi dogon kuka a kan yadda mata ke cika masallatai a darare masu falala, kuma kukan nasa shi ne shaidar cewa suna zuwa da yawa. A Makka a 1530 hukuma ta hana mata shiga Harami da daddare, wani malamin Malikiyya mai suna Ibnu Abdilgaffar ya rubuta littafi sukutum yana ƙalubalantar hanin.

Daga nan kowace nahiya ta bi tata hanyar. A Indiya da maƙwabtanta, inda fatawar Hanafawan baya ta yi ƙarfi, an gina ɗimbin masallatai ba tare da wurin mata ba. Musulmin Sin suka ɓullo da masallatan mata zalla masu malamai mata, kuma akwai ɗaya a birnin Kaifeng da ake danganta shi da shekarar 1820. A ƙarshen ƙarni na 18, da Malam Mustafa Goni ya soki Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a kan barin mata suna halartar wa'azinsa, Abdullahi ɗan Fodiyo ya ba shi amsa da cewa barin su cikin jahilci ya fi wannan muni.

A 'yan shekarun nan hukumomi da kansu suka shigo maganar. A Ramadan na 2003 Raja'a Naji Makkawi ta zama mace ta farko da ta gabatar da darasi a zaman karatun azumi na fadar Sarkin Maroko, a 2006 kuma ƙasar ta yaye rukunin farko na mata 50 masu shiryarwa da ke karantarwa a masallatai. A 2011 ofishin muftin Istanbul ya tura ayari suka zagaya masallatan birnin suna duba halin da sashen mata yake ciki, ƙarƙashin jagorancin mataimakiyar mufti, Kadriye Erdemli. A Janairun 2020 babbar majalisar da ke kula da shari'ar iyali ta Musulmin Indiya ta shaida wa Kotun Ƙolin ƙasar cewa Musulunci ya halatta wa mata shiga masallaci su yi salla. A shekarar 2020 ɗin dai annobar korona ta rufe masallatai a kan kowa, maza suka ɗanɗana asham a gida, da aka fara buɗewa kuma a wurare da dama sashen mata ne na ƙarshe da aka buɗe.

A ganina tarihin nan ya raba abu biyu da muke cakuɗawa. Cewa gida ya fi mata magana ce da aka yi wa ita macen, ta auna, ta zaɓa, kuma wadda ta zaɓi ɗakinta ta bi sunna, ba mai raina ta. Kada ku hana kuwa magana ce da aka yi wa maza. Kwamitin da ya bar sashen mata ba haske, ba ruwa, ba sauti, ya hana su a aikace ko da bai furta ba. Kuma wannan zamani ya zo da wata matsala da Madina ba ta sani ba. Tunda aka mayar da mata bene ko bayan katanga, igiyar da ke haɗa su da liman ita ce wayar lasifika. Duk wadda ta taɓa yin asham a irin wannan wuri ta san abin da ke faruwa idan sauti ya ɗauke ana tsakiyar raka'a, ko liman ya kai ayar sujada: rabin sahu sun yi ruku'u, rabi sun yi sujada, ba mai ganin na gaba balle ya gyara. Ba a fafe gora ranar tafiya. Gwada lasifikar, buɗe kafar da za a hango sahun maza, gyara wurin alwala, sa fitila a hanyar ƙofarsu, ware gefe ga masu goyo, duk aikin Sha'aban ne. Kuma da wuya a yi shi daidai idan ba a tambayi matan da ke salla a wurin ba.

Akwai kuma buƙatar da ta fi gini. Nana A'isha ta ce ramuwar azumi takan kasance a kanta ba ta samu ta biya ba sai a Sha'aban. Mata da yawa suna cikin wannan hali yanzu haka, suna lissafin kwanakin bara. Tambayoyin haila da jinin biƙi da ciki da shayarwa, da wa zai rama wa zai ciyar, su ne suka fi yawa a kan azumi, kuma su ne mace ta fi jin nauyin yi a gaban maza. Zama ɗaya ko biyu da malama kafin ganin wata yana warware abin da wata ta shekara tana kokonto a kai. Su ma mazaje akwai nasu shirin, domin matar da ta wuni a tsaye tana hidimar buɗa-baki ba ta da ƙarfin tsayuwar dare ko da ƙofar masallaci a buɗe take. A goman ƙarshe Annabi yakan tashi iyalinsa, kuma tada su ibada yana tafe da rage musu aiki.

Batun itikafi shi ne wanda aka fi mantawa. Hanafawa sun yarda mace ta yi shi a wurin da ta keɓe don salla a cikin gidanta. Malikawa da Hambalawa, da Shafi'awa a mafi ingancin maganarsu, sun ce sai a masallaci, da izinin miji, a wuri mai sutura. Ke nan a unguwar da ake bin ɗayan waɗannan mazhabobi uku, idan babu masallaci ko ɗaya da ya tanadi keɓantaccen wuri mai banɗaki da tsaro, babu macen da za ta iya wannan ibada. Ba dole kowane masallaci ya yi ba, amma limaman yanki suna iya zama tun yanzu su tsayar da wanda zai ɗauki nauyin, su sanar kafin daren ashirin da ɗaya.