Waiwaye: Daga Koren Jini Zuwa Katin Banki, Tarihin Haramta Wasannin Gem

A wani shagon gem da ke Tudun Wada a Gusau, na tsaya kallon yara biyu suna dambacewa a Mortal Kombat, janareto na ta ruri a waje. Babu wanda ya kai shekara goma sha biyu a cikinsu. Da ɗaya ya fille kan abokin karawarsa sai shago ya kaure da ihu. Ba su san cewa wannan wasan ya taɓa tayar da ƙura har Majalisar Dattawan Amurka ba.

A Disambar 1993 ne Sanata Joe Lieberman da Herb Kohl suka kira masu kamfanonin gem don su yi bayanin jinin da ke malala a wasan. Da kamfanonin suka ga uwar bari, sai suka kafa hukumarsu ta ESRB a 1994, mai liƙa wa kowane wasa tambarin shekarun da suka dace da shi. Irinsa ne harafin nan M, mai nufin wasan na manya ne, da ke jikin kwali, wanda a nan ba mai kallonsa, tunda yawancin wasanninmu turo su ake yi a filash.

Wasu ƙasashen ba su tsaya a tambari ba. Jamus ta hana Wolfenstein 3D a 1994 saboda alamomin 'yan Nazi. Carmageddon na 1997, wasan da ake take mutane da mota, sai da aka mayar da mutanen gawawwaki masu koren jini kafin ya shiga kasuwar Birtaniya, kai ka ce launin jinin ne laifin. Girka kuwa ta wuce gona da iri a 2002: garin yaƙi da caca ta yi dokar da ta haɗa har da wasannin kwamfuta a shagunan intanet. China ta hana sayar da na'urorin gem daga 2000, ba ta janye gaba ɗaya ba sai 2015. Indiya ta toshe wasan PUBG na waya a 2020.

Mu nan mun san irin wannan muhawarar tun lokacin da aka rufe gidajen silima a Zamfara bayan ƙaddamar da Shari'a a 2000. Kallon bai mutu ba, gida ya koma. Ni dai ina goyon bayan a kare yara, amma ina so in san mai yanke hukuncin, in kuma san inda zan kai ƙara.

A nan ne gizo ke saƙa yanzu. A 2011 Kotun Ƙolin Amurka ta ce gem na da kariyar 'yancin faɗin albarkacin baki kamar littafi da fim. Amma a Yulin 2025 shagunan sayar da gem na intanet, Steam da itch.io, suka sauke ko suka ɓoye ɗimbin wasannin manya, ba da umarnin wata kotu ba. Wata ƙungiya ce a Ostireliya, Collective Shout, ta matsa wa kamfanonin katin biyan kuɗi lamba, shagunan kuma suka ji tsoron a yanke musu hanyar karɓar kuɗi. Martanin da kamfanin GOG na Poland, shi ma mai sayar da gem a intanet, ya mayar shi ne raba irin waɗannan wasanni 13 kyauta na kwana biyu.

Na ba mai shagon wannan labarin, sai ya yi dariya ya ce shi abin da ke hana shi kasuwa tsadar man fetur ne.