Littafin ban dariya da zai taimaka wa iyaye koyar da ladubban cin abinci

Jama'ar unguwanninmu na Gadarif da Kassala da Maiwurno, musamman iyaye mata, a matsayina na ma'aikaciyar lafiya ina so in ja hankalinku ga wata hanya mai sauƙi ta gyara ɗabi'ar yara a gaban abinci. A yawancin gidajenmu faranti ɗaya ake haɗuwa a kai, ko asida da miya ko kisra, saboda haka hannun yaro ɗaya da bai wanku ba ya isa ya jawo wa gida duka gudawa. Tun da Ma'aikatar Lafiya ta Sudan ta sanar da ɓarkewar kwalara a watan Agusta na 2024, kuma Kassala da Gadarif suna cikin jihohin da ta fara shafa, ladabin cin abinci ya zama maganar rai da lafiya. Sai dai tsawa da ranƙwashi ba su cika kama yaro ba, domin yana daina abin ne muddin ana kallonsa, da an juya baya ya koma.

Akwai wani tsohon littafin yara mai suna Goops and How to Be Them, wanda Gelett Burgess, marubuci ɗan Amurka, ya rubuta kuma ya zana hotunansa da kansa, aka buga shi a 1900. Ya ƙirƙiro wasu yara marasa kunya masu ƙaton kai zagayayye ba gashi, ya bayyana halayensu cikin gajerun waƙoƙi: suna lasar wuƙa, suna zubar da romo a kan shimfiɗar tebur, suna surutu da abinci a baki, suna tauna da ƙarfi da gaggawa. Hikimar littafin ita ce ba ya nuna yaron da ke saurare da yatsa. Yaron yakan yi dariyar wani, ya ji shi ya fi ƙarfin wannan ƙazanta, daga nan sai ya fara kiyaye kansa ba tare da an kunyata shi ba. Da Turanci aka rubuta shi, kuma saboda daɗewarsa ana samun sa kyauta a intanet, don haka duk gidan da ke da ɗalibi mai ɗan Turanci zai iya nuna wa ƙannensa hotunan a waya, ya ba su labarin da Hausa.

A nan dole in yi gyara, domin littafin na mutanen cokali da wuƙa ne, ba duk dokokinsa ne namu ba. Yana aibata lasar yatsu, alhali mu sunna ce idan an gama ci, matuƙar da hannu mai tsabta aka fara. Tushenmu shi ne abin da Manzon Allah (SAW) ya faɗa wa Umar ɗan Abu Salama yana yaro, lokacin da hannunsa ke yawo cikin akushi: ya ambaci sunan Allah, ya ci da damansa, ya ci abin da ke gabansa. Hadisin yana cikin Buhari da Muslim. Abin da za mu ara daga littafin shi ne salon raha, mu ɗora shi a kan wannan koyarwa.

Uwa tana iya ƙirƙiro nata yaron labarin, wanda ya taso daga wasa da akuya ya tsoma hannu a miya, ko wanda ya wanke hannu a ruwan kwanon da mutum biyar suka riga shi. Ta wannan hanya za ta cusa abin da muke nanatawa kullum: a zuba ruwa daga buta, a cuɗa hannu da sabulu kamar sakan 20 har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, kafin ci da bayan fita bayan gida.

Amma a ba da labarin kafin a sauke abinci ko bayan an kwashe kwanuka, kada a ba da shi ana tsakiyar ci. Yaron da ya fashe da dariya da loma a baki yana iya shaƙewa, kuma 'yan ƙasa da shekara biyar sun fi kowa shiga wannan haɗari, musamman da gyaɗa da ƙwallon dabino.