Kafin a haƙi ƙasan teku, sai an ƙirga tsutsotsi

Tsakanin Hawai da Meziko akwai wani makeken fili a ƙasan teku da ake kira Clarion-Clipperton, zurfinsa ya haura mita 4,000. A kan lakarsa baƙaƙen duwatsu ne zube kamar dankali, ɗauke da manganis da nikel da kobal, abin da masu ƙera batir ke nema ido rufe. Ba ƙasar da ta mallaki wurin. Sashe na 136 na Yarjejeniyar Dokar Teku ta 1982 ya ce gadon ɗan Adam ne baki ɗaya, sashe na 140 kuma ya sa har ƙasar da ba ta da teku, irin Nijar, cikin masu rabo. Amanar tana hannun Hukumar Ƙasan Teku ta Duniya da ke Kingston, a Jamaika.

Kamfanin da ke son bincike yakan samu kwangilar shekara 15, amma da sharaɗi. Ƙa'ida ta 32 ta dokokin binciken duwatsun ta wajabta masa tattara bayanan yadda muhallin yake tun ba a taɓa shi ba.

Nan tsutsotsi suka shigo. Idan aka zura bututu aka ɗebo laka, aka tace ta a rariya mai ƙananan idanu, mafi yawan dabbobin da za a tarar su ne nematod, siraran tsutsotsi da galibi ba su kai milimita ɗaya ba. Sai da madubin ƙara girma ake bambance su, kuma da yawansu ko suna ba a raɗa musu ba tukuna.

Matsalar ita ce ƙasan teku ba ya zama shiru. Igiyar ruwa takan taso ta share laka, abincin da ke gangarowa daga sama ya yi yawa bana ya ragu baɗi, tsutsotsin su ma su sauya. To in an wayi gari sun ragu, laifin injin haƙa ne ko ikon Allah? Ba don wannan sharaɗi ba, da kowane kamfani ya ɗora wa igiyar ruwa. Shi ya sa dokokin suka tanadi yanki biyu: wanda aikin zai shafa, da makamancinsa da za a bari don kwatance. A ganina nan ne dokar ta fi hikima, sai dai kamfanin da kansa ne ke ɗebo samfurin ya kai rahoto, kamar a ba kura ajiyar nama.

A 1989 masana daga Jamus sun ja garma a ƙasan teku daura da Peru, don su gwada irin ɓarnar da haƙa za ta yi. Da aka koma a 2015, sawun garmar na nan raɗau.

Duk wannan dokar bincike ce. Ta haƙar kanta, wadda Nauru, wata ƙaramar ƙasar tsibiri a tekun Pasifik, ta matsa a 2021 a gama cikin shekara biyu, har aka tashi daga taron hukumar na Yulin 2025 ba a kammala ta ba.