Zama a Fadar Sarkin da Ya Kauce: Waiwaye daga Magami zuwa Satiru

Duk ranar da gwamna ya naɗa wani malami kwamishina ko shugaban hukumar alhazai, sai gari ya ɗauka. Wasu su ce ya sayar da rawaninsa, ya zama malamin gwamnati. Wasu su ce ai gara na kirki ya shiga, in ya ƙi 'yan kore ne za su cika wurin. Kowane ɓangare kuma Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yake jawowa shaida. Na daɗe ina jin wannan gardama a majalisar ƙofar gida bayan la'asar, kuma abin da ke ci mini rai shi ne kowa yakan yanko tarihin ne daidai inda ya dace da bakinsa. Maganar ta girmi Najeriya, ta girmi jihadin kansa, kuma waɗanda suka fi mu sani da tsoron Allah sun rabu a kanta har suka koma ga Mahaliccinsu.

Wajen 1492 Shehu Magili ya sauka Kano, zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Bai guji fada ba. Ya zauna ya rubuta wa Rumfa abin da ya wajaba a kan mai mulki, yana ta nanata masa cewa tushen kowace musiba shi ne sarki ya ɓuya wa talakawansa. Da ya wuce Gawo, babban birnin daular Songhai, kuwa, Askiya Muhammadu, wanda ya karɓe mulki daga hannun ɗan Sunni Ali a 1493, ya jero masa tambayoyi, shi kuma ya yanke wa marigayi Sunni Ali hukunci mai zafi, ya halatta yaƙar irinsa. Wato tun daga farko malami ɗaya ya bar mana ƙofa biyu, ta nasiha daga ciki da ta fito-na-fito. Shehu Usmanu ya karanta Magili sosai, kuma duka ƙofofin ya bi, ɗaya bayan ɗaya.

A nan nake so a tsaya, don a nan ake yawan tsallakewa. Wajen 1788 Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo, tsufa ya kama shi, ya tara malaman ƙasarsa a filin idi na Magami ranar babbar salla. Aka yi salla, aka fito da kyauta ana rabawa, kowa yana miƙa hannu yana godiya. Ruwaya ta ce rabon Shehu miskali 500 ne na zinariya. Ya miƙe a gaban taro ya ce shi da mutanensa ba su da bukatar dukiyar sarki, abu biyar yake nema a madadinta: a bar shi ya yi wa'azi a ƙasar, kada a hana wanda ke son amsa kiransa, a mutunta duk mai rawani, a saki waɗanda ke ɗaure, a kuma sauƙaƙa wa talakawa haraji. Bawa ya ce ya yarda.

Mutane suna son wannan labari saboda ƙin karɓar zinariyar. Ni abin da ya fi tsaya mini shi ne Shehu ya je. Ya san halin fadar Alkalawa, babban birnin Gobir, sarai, ya san jangali da ƙwace da gaisuwar da alƙalai ke karɓa, amma ya tsaya gaban sarkin ya nemo wa fursuna 'yanci, ya nemo wa manomi sauƙi. Bayan wannan rana ya ƙara kimanin shekara goma sha biyar ƙarƙashin sarautar Gobir, daga Bawa zuwa Yakubu zuwa Nafata zuwa Yunfa, bai zare takobi ba. Ko da Nafata ya sa aka yi shela a kasuwa cewa ba mai wa'azi sai Shehu shi kaɗai, wanda bai gaji Musulunci daga ubansa ba ya koma inda ya fito, maza su cire rawani mata su ajiye lulluɓi, haƙuri aka ci gaba da yi. Sai da dakarun Yunfa suka auka wa mutanen Malam Abdussalami, almajirin Shehu, a Gimbana, suka kama Musulmi suka koro su kamar bayi ta kusa da Degel, mazaunin Shehu, sannan igiyar ta tsinke. A watan Fabrairun 1804 aka yi hijira zuwa Gudu, a watan Yuni aka gwabza a Tafkin Kwatto, a 1808 Alkalawa ta faɗi, Yunfa ya mutu a cikinta.

Mutanen Shehu ba su yi shakkar ma'anar wannan ba: sarki ya saɓa, an yi masa gargaɗi ya toshe kunne, Allah ya karɓe abin da ya ba shi aro. Daga nan maganar nan da Shehu ya kawo ta samu gindin zama a bakin jama'a, cewa mulki kan ɗore da kafirci amma ba ya ɗorewa da zalunci. Na yarda da ita har zuciyata. Sai dai in faɗuwa a fagen fama ita ce kaɗai alamar fushin Allah, me za mu ce da Tsuntsuwa, inda a ƙarshen 1804 aka kashe wa jama'ar Shehu kimanin mutum 2,000, cikinsu har mahaddata Alƙur'ani wajen 200? Ana gane hukuncin Ubangiji kan sarki cikin sauƙi bayan an binne shi. Wanda ke tsaye a zauren fada da safe, yana jiran a fito, ba shi da wannan sauƙin.

Kuma tun ƙurar yaƙi ba ta lafa ba tambayar ta juyo kan masu jihadin. Daga Borno Shehu El-Kanemi ya riƙa aiko wa Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu, wasiƙu yana cewa saɓo ba ya mai da sarki kafiri, in ba haka ba babu ƙasar da za ta tsira. A cikin gida kuma Abdullahi, ƙanin Shehu kuma babban wazirinsa, ya ga yadda wasu suka mai da hankali ga dawaki da ƙwaraƙwarai da neman sarauta, zuciyarsa ta ɓaci. A 1807 ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar Makka. Kanawa suka riƙe shi, ya zauna ya rubuta musu Liya'ul Hukkami kan yadda ake mulki da shari'a, ya karantar da tafsiri, daga bisani ya koma bakin aikinsa, ya riƙe yammacin daular daga Gwandu har rasuwarsa. Abdussalami kuwa, wanda saboda mutanensa aka fara rikicin, ya yi wa Bello tawaye daga Kware, aka murƙushe shi a farkon 1818.

Mutumin da wannan al'amari ya fi matsa wa wuya, a ganina, shi ne Wazirin Sakkwato Muhammadu Buhari, wanda ya riƙe wazirci daga 1886 zuwa 1910. Ya yi wa Sarkin Musulmi Abdurrahman aiki, mutumin da zafin ransa ya sa ake ce masa Ɗanyen Kasko. Da Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu a ƙarshen 1893, Waziri yana Kano. Ya ga inda zukatan gari suka karkata, wato ga Yusufu ɗan Abdullahi Maje Karofi. Sarkin Musulmi ya dage sai Tukur, ɗan marigayin. Waziri ya san abin da zai biyo baya, ya kuma faɗa, amma da umarni ya tabbata shi ne da hannunsa ya naɗa Tukur. Yusufawa suka fice zuwa Takai, Basasa ta ɓarke, garuruwa suka ƙone, aka kama 'ya'yan Musulmi aka sayar. Yusufu ya rasu a hanya, ƙaninsa Alu ya ci Kano a 1894, aka kashe Tukur a Tafashiya a 1895. Ba na jin daɗin ɗora wa bawan Allah irin Buhari laifi, amma gaskiya ita ce biyayyarsa ta wannan karon Kanawa ne suka biya kuɗinta da jininsu. Nasiharsa ta tsaya a baki, hannunsa ya zartar da abin da bakin ya ƙi.

Shekara goma bayan haka jarrabawar ta dawo da wata fuska. Ranar 15 ga Maris 1903 sojojin Turawan Ingila suka fasa rundunar Sakkwato a Giginya. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya ɗaga tuta ya yi gabas, jama'a suna ta barin gonaki suna bin sa, har aka kashe shi a Burmi ranar 27 ga Yuli. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar suka isa Sudan, kuma garin Mai Wurno yana nan a bakin Shuɗin Nilu har yau, da jikokinsu a ciki. Waziri Buhari shi ya juyo. Ya tara malaman da suka rage, suka duba littattafai, suka yi fatawar cewa ya halatta a yi wa mai ƙarfi biyayyar baki don kare rai da addini muddin bai hana salla da azumi ba, wato taƙiyya. Duk da haka hankalinsa bai kwanta ba sai da ya nemi ra'ayin Alƙalin Gwandu Ahmadu ɗan Sa'adu, wanda ya ƙarfafa masa gwiwa cewa in kowa ya tafi, ƙasar ce za ta tashi daga hannun Musulunci. Daga baya ya rubuta wasiƙa zuwa ga ma'abota ilimi yana bayyana dalilinsa, kuma bai ɓoye tsoron da ya ji na kada ya kasance ya halaka kansa ba.

A wannan karon ina tare da shi. Tsofaffi da mata da marayun Sakkwato ba za su iya tafiyar Burmi ba, kuma dole wani ya tsaya tsakaninsu da Lugga, shugaban Turawan mulki. Zamansa da na irinsa ya taimaka kotunan alƙalai da makarantun zaure suka ci gaba. Amma wanda ya zauna ba shi ke zaɓar ranar da za a aike shi ba. A watan Fabrairun 1906 talakawa da bayin da suka gudo suka tayar a ƙauyen Satiru, kusa da Sakkwato, suka kashe Turawa uku. Fadar Sarkin Musulmi Attahiru na Biyu, wadda Buhari ke wazirinta, ta tsaya tare da Turawa. A watan Maris aka shafe garin, aka kashe kusan mutum 2,000, Sarkin Musulmi ya tsine wa duk wanda zai sake gini ko noma a wurin. Waziri ya ci gaba da zuwa fada kowace safiya har shekara huɗu bayan nan.