Kada a binne ƙarin da aka cire a mama

Jikin ɗan Adam na ɗauke da ƙwayoyin gado kusan 20,000, amma ba duka ke aiki lokaci guda ba. A cikin ƙarin ciwon daji (kansa) wasu kan tashi haiƙan, wasu su lafa. Ana gane haka ne ta auna RNA, wato saƙon da kowacce ke fitarwa idan tana aiki.

Bincike guda mai majinyata kaɗan yakan fito da jerin ƙwayoyin gadon da wani binciken ba ya maimaitawa. Gwajin kansar mama na MammaPrint yana duba ƙwayoyi 70, Oncotype DX yana duba 21, amma guda ɗaya tak suka yi tarayya a kai. Shi ya sa masana ke haɗa bincike da dama. Sukan ɗauko bayanai daga GEO, rumbun ajiyar bayanan ƙwayoyin gado na Amurka, su kwatanta tsoka mai ciwo da lafiyayya a kowane bincike shi kaɗai, sannan su tsame ƙwayoyin da suka yi ta maimaituwa. Idan aka cakuɗa bayanan ba a daidaita ma'auni ba, bambancin na'ura ko ranar gwaji sai ya zo kamar bambancin cuta. A 2004 wani aiki irin wannan ya haɗa bincike 40, ya samu ƙwayoyi 67 da ke tashi a nau'o'in kansa daban-daban, da yawansu masu tura ƙwayar halitta ta yi ta rabuwa.

Galibin samfuran da ke rumbunan nan na Turawa ne, alhali matan Afirka ta Yamma sun fi yawan samun nau'in kansar mama da ba ya nuna ER, PR ko HER2, wato alamomin da ake dubawa a ƙarin don zaɓen magani. Wannan nau'in maganin tamoxifen, wanda ake bai wa masu ER, ba ya yi masa aiki.

Duk wannan daga tsokar da aka cire yake farawa. 'Yan uwa, in an yi tiyata kada ku karɓi ƙarin ku binne, ku nemi a kai shi ɗakin gwajin tsoka.

Ma'aikatan tiyata kuma, a saka shi cikin fomalin (ruwan adana tsoka) mai ƙarfin kashi 10 kafin awa ɗaya ta cika, ruwan ya ninka girman tsokar sau goma. Babban ƙari a fara yayyanka shi, kaurin milimita 5, don fomalin a hankali yake ratsawa, tsakiya kan ruɓe kafin ya isa. Ya zauna awa 6 zuwa 72. Ruwan gishiri ba ya adana tsoka ko kaɗan. Samfurin da za a auna RNA ɗinsa kuwa gara a daskarar da shi nan take. Tsokar da ta jima a tire kan iya nuna babu ER alhali akwai, a hana mace maganin da zai amfane ta.