Waiwaye: Tun yaushe jan-baki ya san hanyar Dadin Kowa?

Duk shekara idan shinkafar rani ta fara nuna a Dadin Kowa ta jihar Gombe, gardamar ɗaya ce: yadda za a yi da jan-baki, ƙaramin tsuntsun nan mai zuwa da yawa yana cinye hatsi. Wasu na cewa a kawo jirgin feshi, wasu na cewa gubar har kifi da tsuntsayen da ba ruwansu take taɓawa. Mai saurare sai ya ɗauka jan-baki baƙo ne.

Kakanninmu sun yi fama da shi a gonakin gero da dawa, da gwangwani da majaujawa da ihun yara tun asuba. Daga baya feshi ta sama ya zo. Wannan kowa ya sani.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne aikin wani ɗan Ingila, Peter Ward, wanda ya yi ta bin tsuntsun nan a yankin Tafkin Cadi a farkon shekarun 1960. Yakan farke cikinsu ya ga abin da suka ci, kuma binciken da ya wallafa a 1965 ya nuna cewa 'ya'yan ciyawar daji ne abincinsu na asali. Rani duka a ƙasa suke tsince su. Da ruwan fari ya sauka, 'ya'yan suka tsira, sai yunwa ta rufe su. Da yawa su mutu, saura su yi kudu inda damina ta riga ta zauna har ciyawa ta fid da kai. Sannan su juyo arewa su cika itatuwan ƙaya da sheƙa, ƙwai kamar uku-uku, cikin kwana 10 an ƙyanƙyashe. Wato da yawan waɗanda jirgi ke kashewa, da ma yunwa na jiransu, kuma gurbinsu ba ya jimawa bai cike ba.

A 1973 shi da wani masani ɗan Isra'ila, Amotz Zahavi, suka yi hasashen cewa makwancin da tsuntsayen ke taruwa wurin ɗaukar labari ne: wanda ya kwana da yunwa, da safe sai ya bi wanda ya ƙoshi. Masana na jayayya a kai, amma manomin da ya ga 'yan kaɗan yau, jibi ya ga gajimare, ba zai yi musu ba.

To, a 1984 aka kammala madatsar ruwan Dadin Kowa a kan kogin Gongola, noman rani ya yi ta faɗaɗa. Ga ruwan sha, ga ciyayin bakin ruwa na kwana, ga shinkafa tana nuna daidai lokacin da abincin daji ke ƙarewa. Tsuntsun da yunwa ta saba kora kudu, yanzu an ajiye masa akushi a hanya.