Mene ne "saitin ma'auni" a masana'antar shinkafa?

Duk wanda ya saba sayen hatsi a kasuwar ƙauye ya san bugaggen kwano: an ɗan daki gindinsa, mai awo ya tula har tana zuba, amma tiya ba ta cika ba. Na'urorin awo na masana'anta ma sukan koma haka, sai dai su ba ha'inci ba ne. Zafi da ƙurar ɓuntu da jijjigar inji ne ke gusar da su sannu a hankali. To, a gwada na'ura da wani ma'auni da aka amince da ingancinsa, a ga nawa ta kauce, a mayar da ita daidai, shi ne injiniyoyi ke kira kalibireshan. Ma'aikata dai saiti suke cewa.

A wuraren cashe shinkafa irin na Kura ko Haɗeja, na'urar auna danshi ta fi kowace buƙatar wannan kulawa. Shanshera tana barin gona da danshin da ya kan haura kashi 20 cikin ɗari, kuma sai an sauko da shi wajen 14 kafin a adana ko a casa. Ka ɗauka na'urar ta nuna 14 alhali 17 ne: an ɗinke buhu, an jera a sito, bayan 'yan makonni ka zura hannu ka ji ɗumi da warin fumfuna. In kuma ta sa aka busar fiye da kima, ƙwayar ta tsattsage, inji ya yi ta zubo tsaki, ga asarar nauyi. Mai inji zai yi ta zagin manomi, alhali mai laifin tana aljihunsa.

Wani gwajin ba ya cin ko sisi. Tsoma ma'aunin zafi cikin ruwan da ke cike da ƙanƙara, ya kamata ya nuna sifili a awon Celsius. A tafasasshen ruwa kuwa kada ka jira 100. Ƙasar Kano ta ɗara teku da kusan mita 500, don haka ruwa kan tafasa ne a wajen digiri 98. Sikeli kuma lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, in an cire nauyin jarka.

Gejin tukunyar tururi, wato abin da ke nuna ƙarfin matsin tururin da ke cikinta, shi ne ban yarda a yi masa dabarar gida ba, domin a nan maganar rai ake yi. A kira ƙwararre ya gwada shi, ya manna takarda mai ɗauke da ranar saiti da ranar da zai dawo.